Yaya Isyaku da geron da bai girbe ba

Talata. Aikin farko: gyara ƙafar rumbu ta gabas kafin a fara shigo da gero.

Iyakar abin da na rubuta ke nan a littafina a ranar. Shekara goma sha ɗaya ina rubuta ayyukan kowace rana, ban taɓa samun shafin da ya kai wannan gajarta ba. Ina durƙushe ina tura dutse a ƙarƙashin rumbun sai na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, mai shi bai kashe shi ba. Sani ne, maƙwabcinmu mai haya. Ya shigo babu sallama, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Habibu, taho. Yaya Isyaku ya faɗi a gona." Na ce to mu nemi mota a kai shi asibiti. Ya dube ni ya ce, "Hau dai." Ko da muka isa an kwantar da shi a gindin ɗorawa an rufe shi da mayafi. Magirbinsa na gefe. Ya kwantar da kunya biyu ta gero, ta ukun bai kai ƙarshenta ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Yau kwana tara. Masu ta'aziyya sun faɗi alherinsa da yawa, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ni abin da zan rubuta ƙarami ne, har na yi ta shakkar ko ya dace a ambaci wasan waya a cikin zancen mamaci. Amma a cikin wasan nan na gama sanin mutumin, kuma a cikinsa ne nake da haƙƙinsa a wuyana.

Yaya Isyaku ɗan wan mahaifina ne, ya girme ni da shekara goma sha huɗu. Gonakinmu a haɗe suke a arewacin ƙauyenmu, kan hanyar Makoda, jeren gamba ne kawai ya raba su. Ni nake ba da kati a ɗakin shan magani na ƙauyen, don haka tun da na kama aikin bai sake kirana da sunana ba, sai Akawu. Shi bai wuce aji huɗu na firamare ba. Yana karanta boko a hankali, yatsa a kan layi, rubutu kuwa yakan ce hannunsa na fartanya ne.

Duk wanda ya san shi ya san shi da binne. Ga wanda bai taso a gona ba, binne shi ne a zuba irin gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a rufe, a bar wa Allah. Idan ruwan farko ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa da kwanaki. Idan yayyafi aka yi ya tayar da irin sannan aka ɗauke, tsiron ya ƙone, an yi asarar iri da wahala. Ni ban taɓa binne ba. Ina jiran ruwa na biyu, in tona ƙasa da hannu in ga inda laima ta kai, in rubuta, sannan in fita da iri. Kowace shekara shi ne mai gasa tumun farko a unguwarmu, kuma kowace shekara sai ya aiko mini da zangarniya biyu da saƙon cewa a kai wa Akawu ya ɗanɗana kafin nasa ya gama shawara.

Ba kullum yake ci ba. Shekara uku da suka wuce binnensa ya ƙone ƙurmus. Ya zo gidana da kwano, bai yi wani kwana-kwana ba, ya ce, "Akawu, zuba." Ina auna masa irin ina yi masa wa'azin haƙuri. Ya bari na gama, ya ɗaure bakin buhunsa, ya ce, "Kai kana ganin ganganci ne. Ni ina binne ne don na san akwai mai iri a ajiye a bayan gamba." Na rubuta maganar a littafina a ranar, na ɗauka ba'a ce.

Haka yake a komai. Ya tare a sabon ɗakinsa babu ƙyaure, ya rataya tabarma, ya ce ɗaki sai an kwana a cikinsa ake sanin inda yake yoyo. Da rijiyar masallaci ta rufta, ana ta taron yadda za a yi, shi ya riga ya shiga da guga yana kwasar ƙasa. Bai iya zaman jiran a kammala magana ba, amma ban taɓa jin ya zagi mai jira ba.

Wasan ya shigo ƙauyenmu ne bara bayan kaka, ta zauren manoma da muke ciki a waya. Wasu mutum uku ne a birni suke haɗa shi, wasan noma da Hausa: a ba ka fili, ka share, ka kai taki, ka shuka, ka yi noma. Sun faɗa tun farko cewa ba su gama ba, sun sake shi ne don a gwada a gaya musu inda ya karkace. Mutane da yawa suka sauke, suka yi dariya kwana biyu, suka goge. Jakin da ke ciki da baya yake tafiya. Akuya takan hau iska ta tsaya a saman darni. Ruwa in ya sauka har cikin rumbu yake zuba. Ni ma na leƙa a wayarsa sau ɗaya, na ce in sun gama a sanar da ni.

Yaya Isyaku bai goge ba. Bayan la'asar yakan zauna a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, tabarau a kan hanci, ya yi nomansa na waya har a kira magariba, ya kife ta ya tashi. Wanda duk ya tsokane shi cewa dattijo da jikoki yana wasa, sai ya ce, "Ku da kuke dara a ƙasa wa ya hana ku? Tawa darar har taki ake kai mata." In ya ga kuskure sai ya danna ya yi magana, ya aika wa masu wasan. A cikinsu wadda take amsa masa sunanta Rabi. Bai taɓa ganinta ba, yana ce mata 'yata, tana ce masa Baba.

Mun yi gardama a kan wannan ba sau ɗaya ba, kuma har yau ban ce dalilaina na banza ne ba. Na ce masa abin da ba a gama ba yana ɓata ɗanɗanon wanda aka gama: wanda ya sha miya tun ba a sa gishiri ba, ko an sa daga baya, da wancan bakin zai ci. Na ce yana cinye masa data yana zafafa masa waya. Na ce aikin da ya kamata su yi da kansu shi yake yi musu. Na ce kuma mutum uku ne, gobe ɗaya ya sami aiki, ɗaya ta yi aure, a bar shi da rabin gona.

Ya ce, "Duk na ji. To in kowa ya jira a gama, wa zai gaya musu jakinsu da baya yake tafiya? 'Ya'yan birni ne, Akawu. Rabi ta ɗauka wake da gero rana ɗaya ake shuka su."

Na ce, "Sai su zo su tambaya."

Ya ce, "Ai tambayar ce suka aiko. Kai ka ce sai sun san amsa za ka saurare su."

Sau biyu suna sabunta wasan gonarsa tana gogewa gaba ɗaya. A karo na biyu gero ya kai gwiwa, ya yi noman fari ya yi maimai, sati biyar yana bi. Ya nuna mini fili fetal. Na ce ga irinta nan. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Fari aka yi. A ta gaske ma ana yi, kuma can ba mai ba ka haƙuri." Ya sake sharewa.

Abin da ya fi alfahari da shi shi ne binne. Da farko wasan ba ya barin mutum ya shuka sai ruwa ya sauka. Ya yi ta aika musu bayani har suka sa. Ranar da aka saki sabon gyaran ya tako har ɗakin shan magani, ya tsallake layin masu karɓar kati, ya miƙo mini wayar ta taga. Ya ce su ma sun so su sa binne ya riƙa ci kullum, ya hana su, ya ce in ba ya ƙonewa wani lokacin to ƙarya suka koya wa mutane.

Wata huɗu kafin rasuwarsa geronsa na waya ya nuna. Nan wasan ya tsaya, domin ba su haɗa girbi ba tukuna. Rabi ta roƙe shi ya ba su yadda ake yi daki-daki, a rubuce, don saƙonninsa na murya sukan fara da girbi su ƙare a labarin wani jakin kakansa. Ya same ni a bakin gamba ya ce, "Akawu, ga aikinka ya zo. Rubuta musu tun daga kwantar da kara har rufe rumbu. Kai ne ba ka tsallake layi." Na ce ya ba ni sati biyu.

Na sayi sabon littafi. A sati biyun na rubuta shafi goma sha tara: yadda ake sare karan a kwantar, yadda ake bi ana yanke kai, yadda ake tarawa, ɗaurin dami, fitar da zakka, jera dami a rumbu, da abin da ake bar wa masu kala. Sai na tsaya a wuri uku. Kwana nawa gero yake yi a kwance kafin a yanke kai? Na tambayi dattawa huɗu, na sami amsa huɗu. Girman dami a nan ba ɗaya ba ne da na wajen Gezawa, wanne zan rubuta? Sannan wanda ya haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, yaya zan bayyana yadda yake kwantar da geron ba tare da ya danne waken ba? Na ce sai kaka ta zo in gani da idona in auna. Na sa littafin a akwati.

Sau biyu kacal ya tambaye ni. Na farko ya ce, "Ina aka kwana?" Na ce saura kaɗan. Na biyu, muna dawowa daga Juma'a, ya ce, "Akawu, har yanzu laima ba ta kai ba?" Na ce ina so in ba su abin da ba za a dawo ana gyara ba. Ya ce to madalla, ya kama wani zancen. Na ɗauka masu wasan sun ci gaba da abinsu, kuma jinkirin girbin daga wajensu yake. Har na taɓa ce masa, ka ga abin da nake faɗa, sun bar ka da gero a tsaye. Ya kife wayar ya tashi.

Jiya, bayan an watse daga sadakar bakwai da kwana ɗaya, matarsa Yaya Asabe ta aiko in zo. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, cikin takaba, carbi a hannu. Muka gaisa, na sake yi mata gaisuwa. Ta turo mini wayarsa da bayan hannu ta ce, "Ga gonar yayanka ta biyu, wadda ba ta taɓa ba mu ko tiya ɗaya ba. Tun ranar take ƙara. Auwalu zai koma bakin motarsa ranar Juma'a, ya ce zai tafi da ita a goge a sa masa layinsa. Duba ka ga ko akwai wanda ya kamata a sanar." Auwalu shi ne babban ɗansu, direba ne a hanyar kudu.

Na fita gindin darbejiyar na zauna inda yake zama. Na fara buɗe wasan. Gero ne cike da fili, ya sunkuyar da kai, iska tana kaɗa shi, jaki na tsaye a gefe yana fuskantar gaba. A ƙasa an rubuta cewa girbi yana nan tafe. Sannan na buɗe saƙonni. Uku na ƙarshe daga Rabi ne, tana tambaya ko Baba lafiya, ta ji shiru. Na koma baya na fara saurare.

Ban shirya jin muryarsa ba, wannan kuma ba zan tsawaita shi ba. Abin da na ji shi ne wannan. Wata uku da suka wuce Rabi ta ce masa mutane suna ƙorafi, sun ga yadda wasu wasannin waje suke girbin alkama, za su kwaikwaya su saki a wannan makon, in bayanin ya iso a gyara. Ya amsa mata: "A'a, 'yata. Komai na ce ku saki mu gyara a hanya, amma ban da wannan. Na ba ƙanina aikin, yana kai. Shi ruwa na biyu yake jira, amma in ya shuka ba ka samun gurbi. In kuka saki naku, ya ji, ba zai sake miƙo nasa ba, na san shi. Ku jira shi."

Sau huɗu ta sake tambaya a cikin watannin, sau huɗu yana ba ta amsa iri ɗaya. Na ƙarshen kwana biyu ne kafin ya faɗi. Ana jin kaji a bayansa. Ya ce, "Ki ƙara masa haƙuri. Geron nan ai ba ya ruɓewa, ko tsuntsu ba ku sa ba tukuna, wa zai ci? Na gona ne ba ya jira, jibi zan shiga. Akawu zai zo ya tsaya a kaina da littafi yana ƙirga kwana, daga nan sai ku ga saƙo."

Mutumin da bai taɓa jiran ruwa ba, bai jira ƙyaure ba, bai jira a gama taro ba, ya yi wata huɗu yana buɗe waya yana kallon geronsa a tsaye saboda ni, bai taɓa nuna mini ba. Na zauna a wurin har aka kira la'asar. Na yi ta juya maganar mai iri a bayan gamba. Ban sani ba ko yabona ya yi a ranar ko uzuri ya nema mini tun kafin in buƙata.

Bayan salla na kira Rabi da wayarsa. Ta ɗauka da murna tana cewa, "Baba, ka ɓuya!" Na ce ba shi ba ne, ƙaninsa ne Habibu, na faɗa mata. Ta yi salati, sannan na ji tana faɗa wa wasu a kusa da ita. Da ta dawo ta tambayi yadda ake zuwa garinmu, na kwatanta mata inda za su sauka a Makoda su hau babur. Sannan ta ce, "Kai ne Akawu?" Na ce ni ne. Na ce littafin yana nan, amma akwai wuri uku da ban tabbatar ba. Ta ce, "Malam Habibu, turo da giɓin. Ka rubuta cewa ba ka tabbatar ba. Akwai manoma a cikin masu buga wasan, za su faɗa mana. Haka Baba ya koya mana aikin."

Na je gida na buɗe akwati. Na shimfiɗa littafin a kan turmi inda haske yake, na ɗauki hoton shafi goma sha tara ɗaya bayan ɗaya, da gogen da ke ciki da alamun tambaya, na tura. Shafi na bakwai ya fito dishi-dishi, na sake ɗaukarsa, wannan kam ban iya bari ba. Duka aikin bai kai tsawon lokacin da ake shan shayi ba.

Da na mayar wa Yaya Asabe wayar na faɗa mata abin da na ji da abin da na yi. Na kuma faɗa mata cewa gonar a cikin wayar nan kaɗai take, masu wasan ba su haɗa hanyar mayar da ita wata waya ba tukuna, in an goge ta tafi. Ba ta yi mamakin komai ba. Ta ce, "Ai a gabana yake aika saƙon. Na ce masa ka je ka ƙwace littafin nan mana, ya ce ba a tono iri don a ga ko ya tsira." Ta kira Auwalu ta ce masa ya haƙura da tsohuwar wayarsa zuwa wani lokaci, wannan tana nan sai an girbe. Ya ce to, Inna. Ta juyo gare ni ta ce, "Kai za ka girbe masa, tunda kai ka tsayar. Kuma kada ka ce mini sai ka gama nazari."

Ban fito daga wannan da wata ƙa'ida da zan ba kowa ba. Har yanzu ina ganin akwai abin da ya kamata a jira a gama shi, kuma baɗi in Allah ya kai mu ban tabbata zan iya binne ba. Abin da na sani shi ne jirana ba ni kaɗai ya tsayar ba, kuma ban taɓa waiwayawa na ga wa ke tsaye a bayana ba. Yau da hantsi, da layin kati ya yanke, na sauke wasan a wayata. An ba ni fili, na share. Na ga sun sa ana kai taki a cikin kwando a ka, alhali a nan a mangala ake kaiwa a kan jaki. Na danna na yi magana. Na yi in'ina a wuri biyu. Na tura a haka.

Allah ya jiƙan Yaya Isyaku, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa abin da ya shuka na alheri, wanda muka gani da wanda ya binne ba mu sani ba, ya tarar da shi a mizani. Allah ya ba Yaya Asabe haƙuri da juriyar takaba, ya raya Auwalu da ƙannensa a kan tafarkin ubansu, ya tsare shi a hanya. Wanda marigayin ya saɓa wa, ina roƙonsa ya yafe. Ni da na saɓa masa ban sami damar neman yafiya ba, ina roƙon Allah ya yafe mini, ya kyautata namu ƙarshen idan ya zo. Amin.

Gobe Juma'a, in Allah ya kai mu:

Ƙafar rumbu ta gabas, har yanzu a karkace.
Raka Auwalu bakin titi bayan an sauko daga masallaci.
Gaya wa Sani ya tari baƙi uku daga birni ranar Asabar.
Kai wayar Yaya caji, kada ta mutu.
Gayyar gonarsa tun da sassafe: mutum tara sun amsa. A fara daga kunya ta uku, inda ya tsaya.